Kwat ɗin Wani, Gonar Wani: Hotunan Aro a Shafukan LinkedIn

Duk mai leƙa shafukan matasanmu a LinkedIn ya san waɗannan hotuna tun kafin a kwatanta masa su. Hannaye biyu suna musabaha, kowanne ya leƙo daga hannun kwat mai tsada. Ko dogayen benayen gilashi na wani birni da ba a faɗi sunansa ba. Ko kwamfutar tafi-da-gidanka a kan farin tebur, ga kofin gahawa a gefe yana tururi. A ƙasan hoton kuwa an rubuta cewa mai shafin ya karanci aikin gona, mazaunin jihar Nasarawa ne, kuma yana neman aiki. Babu abin da ya haɗa hoton da rubutun, illa waya ɗaya ce ta ɗora su.

Wannan ɗabi'a ta samu wurin zama a yankin Keffi, kuma ba a rasa dalili ba. Keffi gari ne na ɗalibai: akwai Jami'ar Jihar Nasarawa, akwai sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Magaji Ɗan Yamusa, ga Abuja nan kusa, inda ma'aikatu da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suke da ofisoshinsu. Matashin da ya fito daga Panda, garin da ke kan hanyar da ta bi ta Gitata ta nufi kudancin Kaduna, da ya karɓi takardar shaidarsa abin da zai fara ji shi ne "ka buɗe LinkedIn." Shawarar ba ta da aibu. An buɗe dandalin a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2, a ƙarshen 2023 kuma masu rajista a cikinsa suka haura biliyan ɗaya. Masu ɗaukar ma'aikata suna nan ciki da gaske. Matsalar tana farawa ne lokacin da dandalin ya nemi hotuna biyu: ƙaramin hoton fuska a cikin da'ira, da faffaɗan hoton da ke shimfiɗe a saman shafi.

A nan ne ake rugawa rumbunan hotuna na intanet. Sana'a ce babba mai tarihi. Getty Images ya fara a 1995, Shutterstock a 2003, dukansu suna sayar da izinin amfani da hoto. Daga baya na kyauta suka shigo: Unsplash a 2013, da kuma Pexels da Pixabay waɗanda kamfanin Canva ya saye a 2019. Wannan sayen ne ma ya sa duk wanda ya buɗe Canva don haɗa hoton saman shafinsa yake cin karo da hotuna iri ɗaya da na maƙwabcinsa. Mai hoton rumbu yana ɗaukar hotonsa ne da niyyar ya dace da kowa, banki ya saya, asibiti ya saya, mai maganin ƙwari ma ya saya. To, hoton da aka tsara don ya dace da kowa ba zai iya faɗin komai game da mutum ɗaya ba.

Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne, hoto a shafin neman aiki shaida ce kafin ya zama ado, kuma ba a aron shaida. Masu binciken yadda mutane ke karanta shafukan intanet sun daɗe da lura da haka. Jakob Nielsen ya wallafa a 2010 sakamakon bibiyar motsin idon masu karatu, inda ya nuna cewa ido yana tsallake hotunan da aka sa don cike gurbi, amma yana tsayawa a kan hoton mutanen gaske da ke da alaƙa da abin da ake karantawa. Jami'in da ke tace ɗaruruwan masu neman gurbi ɗaya ba shi da lokacin sha'awar benayen Dubai. Ya gan su sau da yawa tun safe.

A ɗauki misalin wanda ya karanci aikin gona, iyayensa manoma ne a Panda. Wata ƙungiya a Abuja tana neman jami'in da zai riƙa shiga ƙauyuka yana aiki da manoma, wanda ke jin Hausa, in da hali har da Yeskwa ko Gbagyi, wanda ba ya tsoron hawa babur a kan hanyar da damina ta cinye. Shi kuwa me ya sa a saman shafinsa? Gonar alkama mai launin zinariya, shimfiɗe har iya ganin ido, ƙaton injin girbi yana ratsa ta. Gona ce ta Kanada ko Amurka. Alhali a cikin wayar da ya sauke wannan hoton da ita akwai hoton kunyoyin doya da ya tayar da hannunsa, akwai ranar da suka auna buhunan masara suka loda a mota, akwai wanda aka ɗauke shi durƙushe yana nuna wa wani dattijo ganyen da tsutsa ta huda. Hoton nan na ƙarshe, ko da ɗan duhu a gefensa, ya amsa rabin tambayoyin da za a yi masa a wurin ganawa. Ya nuna ya taka ƙasa, ya san amfanin gonar yankin, kuma manya suna sauraronsa. Amma ya ɓoye shi, ya baje hajar wani Bature da bai san da zamansa ba.

Dalilin ɓoyewar ba ɓoyayye ba ne: gudun kada a ce ɗan ƙauye. Bai kamata a yi wa wannan tsoro dariya ba, domin akwai ofisoshin da ake auna mutum da takalminsa kafin a duba takardunsa. Kuma aron kayan ado a gaban kyamara ba yau aka fara ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, yana ajiye agogo da alƙalami da rediyo da babur don masu zuwa ɗaukar hoto su riƙe ko su jingina. A garuruwanmu ma an yi zamanin da ake tsayawa a gaban labule mai zanen bene da furanni, a ɗora hannu a kan wayar tarho da ba a jona ta da komai ba. Sai dai a duk waɗannan hotuna, rediyon ne na aro, mutumin da ke riƙe da shi na gaske ne, kuma duk wanda ya ga hoton ya san wasan da ake yi. Abin da ke faruwa yanzu ya wuce nan: an ajiye mutumin gefe, an bar kayan aron su kaɗai suna magana a madadinsa. Hausawa sun riga sun yanke hukunci cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Game da hoton fuska kuwa, babu wani sassauci. Ƙa'idar LinkedIn ta ce hoton da ke cikin da'irar ya zama kamannin mai shafin. Ko ba don ƙa'ida ba, fuskar aro a yau alama ce ta damfara. A 2019 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo wani shafi mai suna Katie Jones, wadda ta ƙulla alaƙa da jami'ai a Washington, aka gano cewa na'ura ce ta ƙirƙiro fuskar, babu mace mai wannan kama. A 2022 masu bincike biyu na Jami'ar Stanford, Renée DiResta da Josh Goldstein, suka gano shafuka sama da 1,000 a dandalin masu irin wannan fuska ta ƙirƙirarriyar basira. Tun daga lokacin masu ɗaukar aiki suka ƙara buɗe ido. Binciken asalin hoto kuma ba ya buƙatar gwaninta, Google Lens ko TinEye kan nuna inda hoto ya taɓa fitowa cikin daƙiƙu. Ɗan Najeriya, wanda tun farko yake ɗauke da nauyin zargin da 'yan damfarar intanet suka jawo wa ƙasar, shi ya fi kowa asara idan aka ga fuskar shafinsa tana tallan man goge baki a wani wuri.

Fuskokin nan na rumbu ma ba su da riƙon amana. András Arató, wani injiniyan lantarki ɗan ƙasar Hungary da ya tsaya aka ɗauke shi hotunan rumbu yana murmushi, ya wayi gari fuskarsa ta zama abin barkwanci a duniya baki ɗaya. Wanda ya ɗora hoton baƙo a shafinsa bai san a wane talla ko a wace zolaya za a ga wannan fuskar gobe ba.

Sabon salon shi ne a ba manhaja hoton mutum ta sa masa kwat, ta goge masa fata, ta kafa shi a ofishin da bai taɓa shiga ba. Fuskar tasa ce, amma an yi mata kwaskwarimar da ranar ganawa ta bidiyo sai mai tambaya ya sake duba sunan.

Duk da haka ba a ce a rufe rumbunan ba. Akwai inda hoton rumbu ya fi dacewa, har ma ya zama shi ne mutunci. Ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Keffi ba ta da hurumin ɗora hoton majinyaci, malamin firamare bai kamata ya baza fuskokin yaran mutane ba, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara wa wannan nauyi. Akanta ko mai nazarin alƙaluma ba shi da abin nunawa sai allon kwamfuta cike da sirrin wani. Irin waɗannan, idan sun rubuta ƙasida a kan rigakafi ko tsarin haraji, hoton rumbu na allura ko na takardun lissafi ya wadatar. Sharaɗin shi ne hoton ya yi wa batun hidima, kada ya yi iƙirarin cewa wannan ofishina ne, waɗannan abokan aikina ne. Hoton kaya ko wuri ya fi hoton mutane aminci a nan.

Sai batun izini, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hoton da aka tsinta a binciken Google ba na kyauta ba ne, yana da mai shi, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi hotuna. Babu abin da ke zubar da kima kamar shafin mai neman aikin ofis da tambarin Getty ko Shutterstock kwance a tsakiyar hotonsa, shaidar cewa bai biya ba. Na Pexels da yawancin na Unsplash kyauta ne, amma lasisin Pexels ya hana a nuna kamar mutanen cikin hoton suna goyon bayan hajar mai amfani da shi. Yawancin na Wikimedia Commons kuma suna buƙatar a ambaci sunan mai ɗauka.

In ma aron ya zama dole, a ara daga kusa. A 2017 aka buɗe TONL, wanda Karen Okonkwo da Joshua Kissi suka kafa, da kuma Nappy, dukansu don cike giɓin hotunan baƙar fata a rumbunan duniya. Akwai PICHA da ya mai da hankali kan Afirka. Gasar Wiki Loves Africa, wadda ake yi tun 2014, ta keɓe shekarar 2017 ga mutane a bakin aikinsu, ta tara hotunan maƙera da masaƙa da 'yan kasuwa da kowa zai iya amfani da su. Sai dai ko a nan a yi hattara, domin ofishin Nairobi ba Panda ba ne, ko da fatar ta zo ɗaya.

Ɗaukar hoton kai kuwa bai kai wahalar da ake zato ba. A goge idon kyamarar da gefen riga, a tsaya a inuwa da hantsi ko bayan la'asar, fuska tana kallon inda haske ke fitowa, bango mara tarkace a baya. Aboki ya riƙe wayar daidai tsayin ido, ya ɗauka daga kafaɗa zuwa sama. Kaftani da hula, ko atamfa da ɗankwali, ko hijabi, duk tufafin aiki ne a Najeriya, ba sai an ari kwat ba. Abin gudu shi ne hoton biki da aka yanke, kafaɗar amarya na leƙowa a gefe. Hoton saman shafi kuma girmansa 1584 a 396 ne, wato faɗinsa ya ninka tsayinsa sau huɗu, don haka a kwantar da wayar a ɗauka daga nesa, a bar gefen hagu na ƙasa fili saboda nan da'irar fuska ke zama. Idan akwai wani a cikin hoton, a nemi yardarsa tukuna.

Masu koyar da matasa dabarun neman aiki a Keffi da kewaye, su ma da nasu. Maimakon a nuna wa ɗalibi inda zai sauke hoton musabaha, a ce ya buɗe ma'ajiyar hotunan wayarsa a zaɓa tare: injin da ya gyara, ajin da ya koyar lokacin hidimar ƙasa, rijiyar da ya sa ido aka haƙa. Masu ɗaukar hoto na Panda da Gitata kuma, waɗanda cinikinsu ya tsaya a biki da suna, su gwada fita kasuwa da gona da kyamararsu, su ɗora abin da suka samu a Wikimedia Commons ko Pexels da sunan garin a jiki, don mai neman hoton manomin Nasarawa ya samu na Nasarawa.