Wai Laifin Darbejiya Ne?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da nake gani a garuruwanmu, tun daga Garo ta ƙasar Kabo har cikin garin Gwarzo. Da zarar katanga ta tsage ko shadda ta toshe, sai maigida ya ce darbejiya ce, a kira mai gatari. Bishiyar da ta shekara ashirin tana ba unguwa inuwa, kafin azahar ta zama itacen girki.

Ban ce saiwa ba ta ɓarna ba. Da rani idan ƙasa ta bushe, saiwa danshi take bi. In ta sami 'yar kafa a mahaɗar bututun wanka ko a jikin sokawe, sai ta shiga siririya kamar zare, ta yi kauri, ta tare datti, ruwa ya dawo tsakar gida. A ƙarƙashin gini kuwa, tana kumbura tana ɗaga harsashin da ba a zurfafa ba. Amma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya tsuke siminti? Wa ya ce da birkila ya haƙa taƙi ɗaya ya ɗora bulo?

Darbejiya baƙuwa ce, asalinta Indiya, a 1928 aka kawo ta Barno. Saboda jure fari aka yi ta rabon dashenta, musamman bayan farin 1973. An ce mu dasa, mun dasa, amma wa ya tsaya ya auna tazara? Iyayenmu sun fi mu lura. Tsamiya da ɗorawa suna gona, cediya da durumi suna dandali, cikin gida kuwa sai zogale da gwanda da lalle. Mu ko sai mu kafa babbar bishiya a gindin katangar maƙwabci, alhali saiwa takan wuce inda inuwa ta tsaya. Ƙarshenta zumuncin shekaru ya ƙare a gaban mai unguwa.

Ni dai a ganina, mai gini ya zurfafa harsashi ya liƙe bututunsa, mai dashe ya ja nesa da gini. In sarewa ta zama dole, a dasa biyu a madadinta, don ranar watan Afrilu ba ta san mai gidan bulo ba.

Allah Ya sa mu gane.