Wuƙar Aljihu: Kaifi Muke Saye Ko Ƙyalli?

Duk wanda ya saba ratsa Kasuwar Makola ta Akra a 'yan shekarun nan ya ga yadda teburan masu sayar da ƙananan kayan ƙarfe suka sauya. A da, tsakanin kwaɗo da almakashi da reza, wuƙar aljihu iri biyu ko uku za ka tarar, masu ƙotar itace, ba ado ba kwalliya. Yau baƙaƙen wuƙaƙe ne suka cika wurin, wata da zanen kunama, wata da haƙora kamar zarto, wata kuwa ka danna maɓalli ta fito fit da ƙara. Su samarinmu na Nima da Maamobi ke rububi. Ni dai a ganina wannan yayi ya cuce mu. Ya mayar da kayan aiki abin burga, kuma mai neman abinci da ƙarfinsa shi ke kwana a ciki.

Mu duba waɗanda wuƙar nan take yi wa aiki da gaske. Akwai ɗan albasa a Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie a 2021, wanda yake yini yana farke ɗinkin buhu. Akwai mai kwance dilar gwanjo a Kantamanto, da mai ɗaurin kaya a tashar Tudu da yake fama da igiyar leda da robar taya, da mai gyaran lantarki da yake feƙe waya, da mai doya, da mai goro. Wuƙar waɗannan mutane tana shan gumi da ƙura da ruwan sama, tana faɗuwa a kan siminti, ana buɗe ta ana rufewa ba adadi. Abu uku kawai suke nema a wurinta: ta yi kaifi, ta karɓi washi in ta dakushe, kada kuma ta rufe a kan yatsa. A nan ne wuƙar yayi take ba da kunya.

Maganar tana farawa daga ƙarfen. Abin da ke sa ruwan wuƙa ya riƙe kaifi shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, da kuma yadda aka gasa shi aka tsoma a mai ko ruwa, sannan aka sake ɗumama shi don kada ya yi gautsi. Wuƙaƙen aiki na dā da baƙin ƙarfe ake yin su, mai kabon daga rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100. Yana tsatsa, amma yana ɗaukar kaifi kamar aska, kuma dutse kowane iri yana cin sa. Farin ƙarfe mara tsatsa kuwa sai an zuba masa kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Akwai mai kyau a cikinsa ƙwarai. Amma wanda ake yin wuƙaƙen araha da shi kabon ɗinsa kaɗan ne, gashinsa kuma na gaggawa ne. Shi ya sa za ka ga wuƙa tana walƙiya, ka yanka kwali goma bakinta ya kwanta, ka wasa ta ƙi tashi. Baƙin fentin da aka shafa mata ma ba ya ƙara komai, sai dai ya ɓoye maka irin ƙarfen da ka saya.

Gaskiya ne, Akra bakin teku take, iskarta da gishiri da laima, baƙin ƙarfe kuma ba ya shiri da su. Wanda yake aiki cikin kifi ko ruwa, ko wanda ya san ba zai kula da wuƙarsa ba, ya nemi farin ƙarfe na kirki, ya biya kuɗinsa. Amma ga sauran jama'a maganin tsatsa bai wuce tsumma da ɗigon mai ba. Dusashewar launin da baƙin ƙarfe yake yi in ya sha albasa da lemon tsami ba lalacewa ba ce, wata riga ce da ke taimaka masa wajen kare jan tsatsa.

Dattawanmu sun san Okapi. A Solingen ta ƙasar Jamus aka fara ƙera ta a 1902, domin kasuwannin Afirka, sannan aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ƙotar itace ce, da ƙarfe ɗaya a gadon baya mai riƙe ruwan, da zobe da ake ja kafin ta rufe. Wanda ya yi fatauci a ƙasashen renon Faransa kuma ya san Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890 a yankin Savoie, aka ƙara mata zoben kulle a wuya a 1955. Ya san Douk-Douk ta garin Thiers, da ake yi tun 1929, wadda ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka naɗe. Abin da ya haɗa su shi ne ƙarancin tarkace. Ka warware kowace, abin da za ka ƙirga bai fi yatsun hannu ba. Wuƙar da ke fitowa da maɓalli kuwa tana da ɗan siririn sifirin, da ƙananan kusoshi masu laushi, da ramuka da ƙura ke taruwa. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙofar lalacewa ce, kuma ranar da ya lalace babu mai gyara maka a Makola.

Kada a ɗauka ina cewa kayan Turai ne kaɗai nagari. Birnin Yangjiang na ƙasar Sin, inda ake ƙera wuƙaƙe da almakasai masu ɗimbin yawa, yana fitar da na banza, yana kuma fitar da waɗanda ƙwararru ke yabawa. Abin da ɗan kasuwa ya yi oda shi ake loda masa zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema, shi kuma abin da muke saye yake odarsa. In muka ci gaba da tambayar wadda ta fi ban tsoro a ido, ita za a ci gaba da kawo mana. Sunan da ke jikin wuƙa ma ba hujja ba ne, domin sanannun sunaye duk ana buga jabunsu. Hannunka ne zai faɗa maka gaskiya.

Wani dattijo mai sayar da igiya da buhuna ne ya fi kowa iya wannan gwaji a cikin waɗanda na sani. In yaro ya kawo masa sabuwar wuƙa yana murna, ba ya ko duban zanenta. Sai ya buɗe ta, ya kama tsinin da yatsa biyu, ya girgiza dama da hagu. In ya ji tana rawa, ya ajiye. In ba ta rawa, sai ya riƙe gefen ƙotar, ya janye yatsunsa daga hanyar kaifin, ya danna bayan ruwan a jikin benci. Wadda kullenta ya saki a nan, a kan yatsa za ta saki gobe. Sannan ya rufe ta ya leƙa, ya ga ko ruwan ya kwanta a tsakiya ko yana gogar gefe. Daga ƙarshe ya jawo guntun igiyar leda ya ja sau ɗaya.

Wani saurayi ya taɓa ce masa, "Baba, ai wannan irin ta sojan Amurka ce."

Ya ce, "Ɗana, kai yaƙi za ka ko kasuwa? Je ka samo wadda za ta yanka maka igiya har ka aurar da 'yarka."

Abin da zan ƙara a kan gwajin dattijon kaɗan ne. Ruwan da ya kai santimita 8 zuwa 10 ya ishi kusan kowane aiki. Ƙota ta cika tafin hannu, kada ta yi santsi in an yi gumi, kada kuma ta kasance da kusurwoyi masu cizon fata. Baki ya zama miƙaƙƙe, ba mai haƙora ba, domin haƙoran nan dutsen gida ba ya shiga tsakaninsu, ranar da suka dakushe wuƙar ta gama yawo. Siyan nagari mayar da kuɗi gida, wanda kuwa yake sayen ta araha duk bayan wata biyu bai san nawa ya kashe ba.

Abin da ya fi damuna shi ne washi da muke mantawa. A gidajen Zango babu inda ba a san mawashi ba, kuma mahauta da masu tsire har yanzu ba sa fara aiki sai sun goga wuƙa. Addini ma ya hore mu da wasa wuƙa kafin yanka, don a sauƙaƙa wa dabba. Amma yaran da suka taso da wuƙar yarwa ba su ga dalilin koyo ba. Alhali aikin ba wuya: a jiƙa dutse, a ɗaga bayan ruwan kaɗan, kimanin digiri 20, a goga gefe ɗaya har a ji ɗan ƙaiƙayi ya taso a ɗaya gefen, a juya a yi haka, sannan a share a jikin tsohuwar fata. Wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, domin dakusasshiya ce ake dannawa da ƙarfi har ta zame ta sami mutum.

A kuma san iyakarta. Wuƙa mai naɗewa, komai kyanta, rauninta yana wuyanta. Ba a ɓalle ƙusa da ita, ba a murɗa noti, ba a dukan bayanta da guduma, ba a kuma yanka ragon layya da ita. Wannan aikin wuƙar kube ce ko adda. Maƙeranmu na baƙi, masu ƙera wuƙa da sifirin tsohuwar mota, sun fi kowace masana'anta sanin hannun mahauci, kuma in ƙota ta tsage su sake maka wata. Ina fata wasu daga cikin matasan maƙera su gwada ƙera mai naɗewa mai sauƙin haɗi. Kasuwarta tana nan tana jira.

Akwai kuma maganar da bai kamata a ɓoye ba. Da yawa daga wuƙaƙen yayin nan an zana su ne don su tsorata mutum, ba don su yi aiki ba. Mutanen Nima da Maamobi ba su manta da arangamar gungun matasa ta watan Janairun 2022 ba, da irin sunan da ta ja wa unguwannin da mafi yawan mazaunansu neman halal suke. Dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, a sashe na 206, ta haramta yawo da makami a bainar jama'a ba tare da izini ba. Mai albasa da wuƙarsa mai ƙotar itace yana da amsar da zai bayar. Saurayin da aka kama da mai maɓalli a gidan biki da tsakar dare, me zai ce?

Saboda haka kirana ga 'yan kasuwarmu shi ne su riƙa ajiye wuƙar aiki a gaban tebur, su bar mai saye ya gwada, su kuma haɗa masa da dutsen washi. Iyaye da iyayen gida a wuraren sana'a, ranar da za ku ba yaro wuƙarsa ta farko ku zauna da shi ku koya masa wasa ta, ku faɗa masa inda ake fito da ita da inda ba a fitowa. Mu masu saye kuma mu daina jin kunyar girgiza wuƙa a gaban mai ita kafin mu zaro kuɗi. In ƙarfen banza ya yi kwantai wata uku a Makola, mai odarsa da kansa zai sauya abin da yake kawowa.