Gwanayen Gano Gara a Gida

Gara ba ta yin sallama. Ta ƙarƙashin ƙasa take shigowa, ta bi tsagar da ba ta kai kaurin farce ba, ta yi shekara tana cin katako daga ciki tana barin fatarsa lafiya lau, har da fenti. Maigida ba zai farga ba sai ranar da ƙyaure ya rabu da bango, ko silin ya sunkuyo a kan gado. Shi ya sa nake ganin girman mutanen nan ƙalilan, yawancinsu tsofaffin kafintoci da magina, waɗanda za su zagaya gida sau ɗaya su gaya maka inda take, da inda ta biyo, da abin da ya kirawo ta.

Irin wannan gwani ba ya fara duba katako. Ruwa yake nema. Jikin gara laushi gare shi, iska da rana suna busar da ita nan da nan, don haka duk inda ta kafa zama akwai danshi kusa. Zai tsaya ƙarƙashin indararo ya ga inda ruwan sama ke zuba, ya leƙa bayan banɗaki, ya taɓa gindin bangon da famfo ke yoyo a jikinsa. Daga nan sai ya nemi abincinta: itacen girki da aka jingine da bango, kwalaye a ƙasan sito, guntayen katakon da leburori suka binne bayan an zuba kankare. Sannan ya yi tambayar da ba kowa zai kawo ta a ransa ba: “Alhaji, kafin a yi ginin nan, akwai bishiya a filin?” In an sare bishiya an bar kututturen aka ɗora harsashi a kai, to an ajiye wa gara abincin shekaru a ƙarƙashin falo. Haka in suri aka baje da shebur ba a tono sarauniyar ba. Tana can ƙasa tana zuba ƙwai dubbai a kowace rana.

Sai ya durƙusa. A gindin bango, bayan wadirob, ko a kusurwar da tsintsiya ba ta kaiwa, zai nuna maka siririn ginin ƙasa mai kaurin fensir yana hawa sama. Hanyar gara ke nan, rufaffiya, don kada iska ta taɓa ta. Mai gaggawa zai kankare ta duka ya ce an gama. Shi kuwa yakan karya tsakiyarta kaɗan, kamar tsawon gaɓar yatsa, ya murza ƙasar. In ta bushe ta yi gari, cikinta babu kowa, mai yiwuwa tsohuwar hanya ce. In da danshi, fararen ma'aikata suna kai da kawo, masu jan kai suka fito bakin karayar suna buɗe baki, magana ta ƙare. In kuma abin bai fito fili ba, sai ya yi alama da alli ya ce, “Kada kowa ya share nan, zan dawo jibi.” Hanyar da aka gyara kafin ya dawo ta ba da amsa da kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne kunnensa. Da ƙotar sukundireba yake bin katako yana ƙwanƙwasawa, taku bayan taku. Lafiyayyen katako amonsa a dunƙule yake. Wanda aka ci sai ya amsa kamar ƙwaryar da aka kife. Nan zai soka bakin ƙarfen, ya shige ba gardama, ƙasa ta zubo. Wani lokaci ma yakan sa a yi shiru ya kara kunne, domin in aka dame su, sojojin gara sukan riƙa buga kai a jikin katako, a ji wani siririn kas-kas daga ciki.

Da ruwan farko shinge, wato gara mai fiffike, ke fitowa ya rufe fitila, yara suna ta kamu. Ga gwani, fukafukan da suka zube ma shaida ne. In a tsakar gida ne ƙarƙashin ƙwan lantarki, ba abin tashin hankali ba ne, akwai suri a unguwa kawai. In kuwa aka tsince su tuli a bakin tagar ɗakin da yake rufe, to daga cikin gidan suka fito. Yakan ɗauki ƙwaron ya duba, don tururuwa ma tana yin fiffike. Gara fukafukanta huɗu tsawonsu ɗaya, jikinta a miƙe babu ƙugu. Tururuwa na gaba sun fi na baya tsawo, ƙugunta a tsuke, gashin kanta a lanƙwashe.

Bambancin yana da amfani, saboda akwai manyan tururuwa masu rarake katako. Su ba cinsa suke yi ba, gida suke fafewa a ciki, kuma wanda ruwa ya riga ya lalata suke nema. Raminsu fes yake, suna turo garin katako waje, alhali gara cike nata take yi da ƙasa. A Amurka da Kanada, inda akasarin gidaje da katako ake tayar da su, wannan tururuwa babbar damuwa ce, har akan kira mai dubawa kafin a sayi gida. A nan ƙasar Hausa ɓarnarta ba ta kama ƙafar ta gara ba, amma ganinta yakan nuna akwai yoyo a wani wuri.

Wannan sani gado ne. Magina na da sun san azarar giginya tana gagarar gara, musamman baƙin ɓangaren nan na wajen bawo, shi ya sa suka yi rufin soro da daurin guga da ita. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, bakunansa na ƙasa da azara suna nan tsaye. Maginan na da sun san ƙirya ma haka take, sun kuma ɗora rumbu a kan duwatsu don ƙasansa ya sha iska, ido ya riƙa kaiwa. Mu kuwa muna rufi da farin katako mai araha, mu lulluɓe shi da silin, mu manna wadirob da bango, duk wurin da ya kamata a gani mu toshe shi.

Hukuncin gwani ba ya zuwa da tsoratarwa. Zai ce wannan katakon a cire, wancan zai yi shekaru in an shafa masa magani, wannan kuwa a bar shi, tsohon ciwo ne. Ba ya yarda a fesa wa hanya magani a tafi, don ya san gidan garar yana ƙasa, za ta ɓullo ta wani gefen. Sai an gyara famfo, an janye itace daga bango, an karkatar da ruwan indararo, sannan a yi maganar zuba magani a ƙasar da ke kewaye da harsashi. Kuma yakan ce a kira shi ya sake dubawa da faɗuwar damina, lokacin da ƙasa ta jiƙa, gara ta fi motsi.