Waƙoƙin Wayar da Kai: Da Wane Mudu Za Mu Auna Su?

Mu ɗaliban adabi mun saba auna waƙar wayar da kai ta fuskar jigo da salo da amsa-amo. Ni dai a ganina mudun nan bai cika ba. Waƙar da aka tsara don ta kai saƙon gwamnati ƙauye 'yar aike ce, ya kamata a tambaye ta ko alkawarin da ta ɗauko ya iso.

Alal misali, canjin hannu na ranar 2 ga Afrilu, 1972, da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a Janairun 1973. Mawaƙa sun taimaka ƙwarai ta rediyo, kuma awon nasarar ba wuya. Ranar da aka sa, direba ya koma dama. Ba da jimawa ba dillalan shanu a kasuwar Wudil suka bar fam da sule.

To, amma shirin UPE na ilmin firamare kyauta, wanda gwamnatin Obasanjo ta buɗe a Satumbar 1976, ba aikin rana ɗaya ba ne. An yi tanadin yara miliyan 2.3, sai wajen miliyan 3 suka bayyana. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, azuzuwa suka yi kaɗan. Waƙoƙin da aka yi wa ilmi galibi kira ne ga iyaye su kai 'ya'yansu makaranta, wato sun auna shirin da yawan sunaye a rajista, kamar yadda ma'aikatar ilmi ta yi.

Manomin Indabo ba haka yake lissafi ba. Kyautar nan ta ci masa wani abu, domin ya saki hannu guda daga gona. Tambayarsa ita ce: bayan shekara shida, yaron nan zai karanta masa wasiƙa ba sai an nemo wani ba? Malamin yana zuwa? Waƙar da ta yi shiru a nan, kome daɗin karinta, roƙo ce kawai aka sa mata rigar wa'azi.

A 1999 Obasanjon nan dai ya je Sakkwato ya sake buɗe shirin da sunan UBE. Mai nazarin waƙoƙin 1976 bai kamata ya tsallake wannan ba.