Babban Gwani da Masallacin Jumma'a na Zariya

Wanda ya ke so ya san iyakar abin da jar ƙasa za ta iya zama a hannun magini, sai ya nemi labarin tsohon Masallacin Jumma'a na Zariya. An gina shi a ƙofar fada zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, har yanzu ma akwai unguwa cikin birnin Zariya da a ke kira da wannan suna.

Kayan da ya yi aiki da su ba su fi na kowane magini na ƙasar Hausa ba, watau tubali da aka shanya a rana, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. To, azara tana da iyaka. Idan aka gitta ta a kan fili mai faɗi, aka aza mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. Saboda haka ɗakunan soro su kan zama tsukakku. Dabarar magina ita ce su jera azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ƙafafu biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. In bakuna suka gitta juna kamar igiyar bakin guga, shi ne ɗaurin guga, a kansa a ke aza tulluwa.

Ba Babban Gwani ya ƙago wannan dabara ba, amma shi ya kai ta inda ba a saba kai ta ba. Ɗakin sallar yana da tulluwa 6, bakuna suna tasowa daga jikin manyan ginshiƙai, suna rarrabuwa a sama kamar rassan itace. Abin yabo a nan shi ne bai ɓoye ƙashin gininsa ba. Mai duba rufin yana iya bin nauyin da ido, daga tsakiyar tulluwa, ta kan baka, har ya sauka a gindin ginshiƙi. Zanen da ya yi wa ginshiƙan mai zurfi ne, mai kauri, ba shi da yawan tarkace, yana bin jikin ginin maimakon ya rufe shi. Wannan ya raba shi da adon fuskar gidajen attajirai da ya yaɗu daga baya, inda a kan cika bango da zane don mai wucewa ya gani. Shi kuwa ya bar waje ba ƙawa, ya tara gwanintarsa a ciki, inda masu salla su ke.

Ba a ce aikin ba shi da aibu ba. Ginshiƙan sun ci wuri, suna yanke sahu. Haske kaɗan ne a ciki, gama bangon ƙasa mai ɗauke da nauyi ba ya son manyan tagogi. Babban rauninsa kuwa shi ne na kowane ginin ƙasa, watau ruwa. Sai an duba rufi kafin kowace damina, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓe da makuba ko laso. Ginin ƙasa kamar gona ya ke, shekarar da aka yi masa sakaci, a shekarar ya ke fara lalacewa.

Cikin shekarun 1970 jama'a ta yi yawa, sai aka gina sabon masallaci na siminti, ya kewaye tsohon ɗakin salla. Niyyar mai kyau ce, an sami wurin salla, ba a kuwa rushe aikin Babban Gwani ba. Amma fa an yi hasarar abu biyu. Na fari, siffar ginin ta waje ta ɓace wa ido. Na biyu, wanda ya fi nauyi, hankalin mutane ya koma ga siminti, sana'ar tubali da azara ta ja baya, masu sanin ciwon irin wannan gini suka yi ta raguwa. Wani masanin gini mutumin Folan, Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla, aka kuma gina kwatancinsa a gidan ajiye gine-ginen gargajiya na Jos. Aiki ne mai amfani ƙwarai, sai dai zane a takarda ba ya toshe tsaga.

Ranar Jumma'a 11 ga Agusta 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. An kuwa ga tsaga a jikin ginin kafin abin ya auku. Daga nan waɗansu suka ce ai ginin ƙasa ya riga ya gama zamaninsa. Wannan hukunci da gaggawa cikinsa. Ginin da ya yi kusan shekara 190 ana salla a cikinsa bai cancanci a ce da shi rago ba.

A dubi birnin Jenne na ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa ne, an gina shi a 1907. Al'adarsu ce kowace shekara gari ya fito, yara na kawo ƙasa, mata na kawo ruwa, magina na hawa bisa itatuwan da aka kafa a jikin bango tun farko domin wannan aiki. Ta haka yaro ya kan koyi sana'ar tun yana ɗaukar kwando.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Garin da ya gaji ganuwa, ko soro, ko zaure, daga Zariya har Kano da Katsina, ya kamata ya san cewa rabin gadon nan yana hannun magina. In an ware kuɗin gyara, a ware na koyar da yaran Sarkin Magina, a kuma sa wa ginin ido kafin ruwan fari ya sauka.