3.4 Rikiɗar Thulsa Doom Zuwa Maciji

A fim ɗin Conan the Barbarian na John Milius (1982), Thulsa Doom ne shugaban masu bauta wa Set, dodon macizai na ƙagaggiyar duniyar Robert E. Howard. Idan aka lura, za a ga rikiɗarsa zuwa maciji ba ta ƙara wa labarin komai ba, domin sulalewa kurum ya yi sa'ad da su Conan suka auka wa fadarsa. Muguntarsa ta fi fitowa fili inda ya yafuto wata budurwa, ta diro daga kan dutse ta mutu. Wato dafinsa a harshe yake. Shi ya sa da Conan ya fille masa kai, a siffar mutum ya same shi, yana yi wa mabiyansa huɗuba.