DANGANTAKAR CIWON DASASHI DA CIWON ZUCIYA: SHARHI A KAN INDA BINCIKE YA DOSA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bitar yadda binciken masana ya gudana game da dangantakar da ake cewa akwai tsakanin ciwon dasashi da ciwon zuciya, sa'an nan ta auna amfanin da sakamakonsa zai yi wa jama'a irin ta Dogarawa da Samaru da Sabon Gari. Abin da ake nufi da ciwon dasashi a nan shi ne ciwon nan da kan fara da kumburi da zubar jini idan an yi asuwaki, daga bisani ya ci nama da ƙashin da ke riƙe da haƙori, har haƙorin ya yi girgiɗi ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mai tsananinsa ya kama kimanin kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane a duniya. Ra'ayin da za a kare shi ne, bincike ya tabbatar cewa cututtukan biyu sukan tafi tare, amma bai tabbatar cewa ɗaya ce ke haifar da ɗaya ba, kuma ciwon zuciyar da aka fi bincikawa daban yake da wanda ya fi damun mutanenmu.

2.0 MAFARIN ZANCEN

Wannan zance ya girmi ƙarni guda. Tun a 1891 Willoughby Miller ya yi rubutu cewa bakin ɗan'adam matattara ce ta ƙwayoyin cuta masu iya bazuwa cikin jiki, kuma a 1900 wani likitan Ingila, William Hunter, ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Likitoci suka karɓe shi hannu bibbiyu, aka shiga cire wa mutane haƙora da nufin warkar da amosanin gaɓɓai da wasu cututtuka. Sai a 1938 Cecil da Angevine suka bi diddigin masu amosanin gaɓɓai 200, suka tarar cire haƙoran bai tsinana musu kome ba. Haƙorin da aka cire kuwa ba ya komawa. Wannan tarihi ya isa ya sa mai bincike ya yi hattara, domin an taɓa gina magani a kan zato.

3.0 FARFAƊOWAR BINCIKE

A 1989 ne Mattila da abokan aikinsa a ƙasar Finlan suka sake tayar da maganar. Sun kwatanta bakin mutum 100 da suka sami bugun zuciya da na mutum 102 masu lafiya, suka ga haƙoran rukunin farko sun fi lalacewa. A 1993 DeStefano ya duba bayanan mutum 9,760 a Amurka, ya ce haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari ga masu ciwon dasashi. A 2016 wani bincike a Suwidin, wanda ya ƙunshi masu bugun zuciya 805, ya sami sakamako makusancin wannan.

Masana sun kawo hanyoyi biyu da abin zai iya faruwa. Ta farko, ƙwayoyin cuta sukan bi ta dasashi mai rauni su shiga jini yayin tauna ko goge baki, kuma an sami alamunsu a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyi. Ta biyu, kumburin da ya daɗe a dasashi yakan ɗaga sinadaran kumburi a cikin jini, su kuma su raunana bangon jijiya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, don haka ba a yi laifi ba da aka bi sawun wannan alama.

4.0 RAUNIN BINCIKEN

Babban raunin waɗannan ayyuka shi ne yawancinsu na kallo ne da ƙirga, watau a ga abu biyu tare a ɗauka ɗaya ne sanadin ɗaya. Mai shan taba, da mai ciwon suga, da tsoho, da matalauci, duk sun fi saurin kamuwa da ciwon dasashi, haka kuma sun fi saurin kamuwa da ciwon zuciya. Ashe ke nan mai yiwuwa ne cututtukan biyu 'ya'yan uwa ɗaya ne. A 2000 Hujoel ya koma kan rumbun bayanan nan da DeStefano ya yi amfani da shi, ya tace tasirin taba da sauransu da kyau, sai dangantakar ta yi rauni har ba a iya dogara da ita. Rumbu ɗaya, hukunci biyu.

Rauni na biyu shi ne ƙarancin gwaji na haƙiƙa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, idan an warkar da dasashi, bugun zuciya zai ragu? A 2007 Tonetti ya gwada mutum 120, ya nuna cewa magani mai zurfi ya kyautata buɗewar jijiyar hannu bayan wata 6. Wannan ci gaba ne, sai dai kyautatuwar awon jijiya ba daidai take da tsawon rai ba. Saboda haka ne Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa akwai dangantaka, amma babu hujjar cewa ciwon dasashi ne sanadi, ko cewa maganinsa na hana ciwon zuciya.

Rauni na uku shi ne rashin ma'auni ɗaya. Wani ya ƙirga haƙoran da suka zube, wani ya auna zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi, wani kuma tambayar mutum kawai ya yi. Kwatanta irin waɗannan sakamako kamar kwatanta awon tiya ne da na mudu.

5.0 DARASI DAGA ZARIYA

Kusan duk binciken da aka ambata a kan toshewar jijiyoyin zuciya ya tsaya, domin ita ce ta fi kisa a Turai da Amurka. Wani bincike na 2012 da ya ƙunshi masu gazawar zuciya 1,006 a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, ya nuna hawan jini ne sanadi ga kimanin kashi 45 cikin ɗari, lalacewar ƙofofin zuciya da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro kashi 14, toshewar jijiyoyi kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Wanda ya kwaso tambayar Finlan ya kawo ta Shika ba tare da gyara ba, zai yi ta neman abin da ba shi da yawa, ya bar wanda ya cika ɗakunan jiyya.

Har ila yau, Zariya tana da nata misalin na haɗarin saurin yanke hukunci. A 1978 Davidson da Parry suka wallafa nazarinsu a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a nan Zariya, suka danganta ciwon da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da shan kunun kanwa. Bayanin ya shiga littattafan likitanci, ya zauna shekaru da dama. A 2020 Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani nazari da ya game sassan Nijeriya, inda suka ga rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki, su ne suka fi tafiya da ciwon, al'adun jego kuwa ba su fito a matsayin sanadi ba. Aikin Davidson da Parry yana nan da darajarsa, amma ya koya mana cewa kama da wane ba wane ba ne.

6.0 KAMMALAWA

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarwari uku. Na farko, masu bincikenmu su karkata ga hawan jini. A 2019 wani gwaji a kan masu hawan jini 101 ya nuna saukar awon jini bayan wata 2 da yin maganin dasashi mai zurfi, kuma maimaita irinsa a Zariya abu ne mai yiwuwa, tun da na'urar awon jini ba ta da tsada. Na biyu, a bar dogara ga waɗanda suka zo asibiti kaɗai, a shiga unguwanni irin su Dogarawa, a bi mutane shekara da shekaru, a kuma rubuta abubuwan da binciken Turai bai san da su ba, kamar asuwaki, da cin goro, da taba gari, da furen taba. Na uku, mu malaman kwalejojin ilmi mu kiyaye abin da muke gaya wa ɗalibai, domin su ne za su kai shi makarantun firamare. A koya musu cewa tsabtar baki wajibi ce don haƙori shi kansa, dasashi mai zubar da jini kuma dalili ne na zuwa asibiti a duba baki, a auna jini da suga. Kada a ce musu goge baki na maganin ciwon zuciya, domin mai hawan jinin da ya ji haka yana iya ajiye ƙwayoyinsa ya riƙe asuwaki.